Waifai a Gidan Gona: Abin da Mai Kiwo Zai Sani Kafin Ya Sayi Rauta ko Kyamara



A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Safana da Batsari suna ciki, haka Dutsin-Ma, Ɗanmusa, Kurfi, Ƙanƙara da Jibiya. Sai a watan Disamba aka fara dawo da sabis. Mu mutanen Zakka da kewaye mun ji a jikinmu. Mai ƙwai ba ya iya kiran dillali, mai kifi ba ya sanin farashin abinci sai ya taka da ƙafarsa, mai POS kuwa ya naɗe tabarmarsa. A lokacin ne da yawa daga cikinmu suka gane cewa sabis ya zama kayan aikin kiwo, kamar buhun abinci da allurar rigakafi.

Yanzu matasa masu fara kiwo suna sayen MiFi, wasu rauta, wasu har da kyamarar da za su riƙa kallon ɗakin kaji daga waya. Ni kasuwancin noma na karanta, ba injiniyan sadarwa ba ne, amma na saita wa masu kiwo da dama irin waɗannan na'urori, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Mai shago ya ce WPA2, ya ce SSID, ya ce 2.4, kai kuma ka gyaɗa kai ka biya kuɗi. To yau bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya, don kuɗinka ne da sirrin gonarka a ciki.

WAIFAI DABAN, INTANET DABAN

Wannan shi ne tushe. Intanet yana zuwa ne daga ƙarfen sabis na kamfanin waya, ya shiga sim ɗin da ke cikin na'urarka. Waifai kuwa shi ne gajeren zangon da ke tsakanin na'urar da wayarka, cikin gida ko cikin gona. Ka ɗauki ƙarfen sabis a matsayin rijiyar burtsatse, na'urarka tankin sama, waifai kuma bututun da ke raba ruwa zuwa kowane kandami. Bututu na iya zama lafiya ƙalau alhali rijiya ta ƙafe.

Shi ya sa za ka ga alamar waifai ta cika a wayarka amma WhatsApp ya ƙi tafiya. Ba laifin waifai ba ne, ko data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Kuma ga amfanin sanin haka: ko da an katse sabis kamar 2021, rauta tana ci gaba da haɗa na'urorin da ke cikin gonarka da junansu. Don haka idan za ka sayi kyamara, ka tambayi mai shago abu biyu: tana ɗaukar katin memori? Kuma tana ci gaba da naɗa idan babu intanet? Akwai masu arha da ba sa buɗewa a waya sai da data. A yanki irin namu, wannan tambayar ta fi tambayar kyawun hoto muhimmanci.

NA'URORIN

Hosfot: wayarka ce ke raba datarta ga wasu. Ba ka sayi komai ba, amma batir na zuƙewa, waya na zafi, kuma da ka bar gona kyamara ta mutu.

MiFi: 'yar ƙaramar na'ura mai batir da sim, tana shiga aljihu. Ta ishi waya biyu ko uku a ɗaki ɗaya, amma zangonta gajere ne.

Rauta: ta fi girma, tana buƙatar wuta kullum, tana kai wa nesa, tana ɗaukar na'urori da yawa. Wasu suna da wurin ɗaura eriyar waje. A ƙauyen da sabis ke da rauni, eriyar da aka ɗaga sama aka fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis ta fi sayen rauta mai tsada amfani.

Starlink: wannan daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko intanet, ba ruwansa da ƙarfen sabis. Ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin mai kaji 200. Ba da shi ake farawa ba.

Sai lambobin 2G, 3G, 4G da 5G. Waɗannan zamunan sabis ne. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel a 2023, kuma a manyan birane suka fara. Kafin ka sayi kowace na'ura, ka ari sim na kamfanoni daban-daban ka tsaya a inda za ka ajiye ta, safe da dare, ka ga wanne ne ke kawo 4G. Kada ka biya kuɗin rauta mai 5G a wurin da 4G ma sai an hau tudu.

2.4 DA 5: KADA KA RUƊE

A jikin kwalin rauta za ka ga 2.4GHz da 5GHz. Wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na kamfanin waya ba, zangon waifai ne. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma bai kai ɗayan gudu ba. Na 5 yana da gudu, amma da ka shiga bayan katanga sai ya raunana. Yawancin kyamarori masu arha da na'urorin auna zafin ɗaki 2.4 kaɗai suke ji. Mutane da yawa sun mayar da kyamara shago suna cewa ba ta aiki, alhali sun haɗa ta ne da zangon 5.

Abu biyu ne manyan maƙiyan waifai, kuma duk muna da su a gona: ƙarfe da ruwa. Kwanon rufi da ragar waya suna mayar da shi baya, ruwa kuma yana shanye shi. In ka ajiye rauta a ƙasa bayan tankin kifi, ka kashe rabin ƙarfinta. Ka ɗaga ta sama da tsayin mutum, a tsakiyar wurin da kake so ta rufe, kusa da taga.

Amma kar ka sa ta cikin ɗakin kaji. Ƙurar abinci da warin kashin kaji suna lalata na'ura. Kar kuma ka manna ta da kwano, domin zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce maki 40, kuma batirin MiFi da aka bari kan caji dare da rana cikin zafi yana kumbura. Mai eriyar waje kuma ya riƙa cire ta daga rauta idan hadari ya haɗo da tsawa.

SUNAN WAIFAI, WATO SSID

SSID shi ne sunan da ke fitowa a wayar duk wanda ya zo kusa ya kunna waifai. Ba sai ya san kalmar sirri ba, sunan a fili yake. Ga inda nake roƙon 'yan uwa: dan Allah kar ka sa sunanka, ko sunan gonarka, ko lambar wayarka. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Rugu mun san darajar rufin asiri. Suna irin "Gonar Alhaji Kyamara" talla ce ga duk mai wucewa cewa akwai dukiya a nan, kuma ga abin da ke gadinta. Kar kuma ka bar sunan da ta zo da shi daga kamfani, domin yana nuna irin na'urar, wanda ya san irinta kuma ya san kalmar da take zuwa da ita. Ka sa suna maras ma'ana, kamar "Layi 7".

Akwai saitin ɓoye suna gaba ɗaya. Yana rage idon yara, amma ba kwaɗo ba ne. Mai manhajar bincike zai gan shi.

KALMAR SIRRI BIYU CE, BA ƊAYA BA

Nan ne aka fi yin sakaci. Ta farko ita ce ta shiga waifai, wadda kake ba mutane. Ta biyu ita ce ta shafin saiti, inda ake juya rautar kanta. Ana shiga shafin ne ta rubuta lamba a burauza, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma a rubuce take a jikin na'urar ko ƙarƙashin batir. Na'urori da yawa suna zuwa da "admin" a matsayin suna da kalmar sirri duka. Duk wanda ka ba waifai, in ba ka canza wannan ba, ka ba shi makullin sito. Zai iya canza kalmar sirri ya kore ka, ya ga na'urorin da ke kai, ya karanta saƙonnin tes da ke shigowa sim ɗin.

Wannan na ƙarshen ya sa nake cewa kar ka taɓa sa layin da bankinka ke turo maka lambar OTP a cikin MiFi ko rauta. Ka ware mata sim nata.

Kalmar waifai tana ɗaukar haruffa daga 8 zuwa 63. Mafi yawanmu muna sa lambar waya, ko 12345678, ko sunan ɗa da shekarar haihuwa. Duk ɗan unguwa zai iya cankar waɗannan. Tsawo ya fi wahalarwa ƙarfi. Ka haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da alaƙa, ka jefa lamba a tsakani, misali turmi-gajimare-47-tsintsiya. Kar ka yi amfani da wannan ɗin, tunda kowa ya karanta shi, ka ƙirƙiri naka. Ka rubuta a littafin lissafin gona ka adana a gida.

Wani abu da mutane ba su sani ba: ko kai ka karɓi wayar mutum ka shigar masa da kalmar da hannunka, wayoyin Android daga na 10 zuwa sama suna iya nuna ta a matsayin hoton QR, wani ya ɗauka da kyamararsa ya shiga. Ka ba mutum ɗaya, ka ba majalisarsu.

WEP, WPA, WPA2, WPA3

Waɗannan su ne nau'in kwaɗon da ke hargitsa bayanan da ke tafiya a iska tsakanin wayarka da rauta, yadda na gefe ba zai iya karantawa ba. WEP shi ne na farko, tun ƙarshen shekarun 1990, kuma masana sun fasa shi tun 2001. Yau cikin mintuna ake buɗe shi. WPA ya zo a 2003 a matsayin faci, WPA2 ya biyo baya a 2004, sai WPA3 a 2018.

A shafin saiti, ka zaɓi WPA2 mai AES, ko WPA2/WPA3 a haɗe idan akwai. WPA3 zalla ya fi ƙarfi, amma tsofaffin wayoyi da kyamarori masu arha ba sa iya hawa. Idan rautar da aka kawo maka ta gwanjo ce kuma WEP kaɗai take da shi, ka bar ta ko da kyauta ce. In kuma ka ga an rubuta "Open", to ƙofa a buɗe take, babu kwaɗo ko kaɗan.

Sai WPS. Wani ɗan maɓalli ne ko lamba mai guda 8 da ke ba na'ura damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa saboda yadda aka tsara lambar, gwaji kusan 11,000 kacal ya isa a gano ta. Wannan ba komai ba ne ga kwamfuta. Ka kashe WPS.

LAYIN BAƘI: KAMAR RUWAN MAGANI A ƘOFA

Duk mai kiwon da ya san abin da yake yi ba ya barin dillali ya shiga ɗakin 'yan tsaki. Ana tsayar da shi a waje, a kawo masa kaji. Wanda zai shiga kuma sai ya tsoma ƙafa a ruwan magani. Ba don an raina shi ba, don ba a san gonar da ya fito ba.

Rauta ma tana da irin wannan tsari. A saiti za ka ga inda aka rubuta "Guest". Yana buɗe waifai na biyu mai sunansa da kalmarsa, wanda ke ba baƙo intanet amma ba ya kai shi ga kyamararka ko shafin saiti. Yaran gona, masu sayen ƙwai da abokai, nan za ka sa su. Wasu rautocin ma suna ba ka damar rage musu gudu. Ran da yaron gona ya bar aiki, ka canza kalmar a ranar, kamar yadda za ka karɓi makullin sito.

WA KE KAN LAYINKA?

A shafin saiti akwai jerin duk na'urorin da ke kan waifai ɗinka. Kowace tana da lambar shaida mai haruffa 12 da ake kira MAC. Wani mai kiwon tarwaɗa da na taɓa dubawa ya yi ta ƙorafi cewa datar wata guda ba ta kai masa mako. Ya rantse kamfani ne ke masa sata. Da muka buɗe jerin, waya biyu da kyamara ɗaya gare shi, amma na'urori goma sha huɗu ne a kai. Kalmar sirrinsa lambar wayarsa ce, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon tallan kifi a ƙofar gida.

Za ka iya toshe na'ura da lambar MAC, amma sababbin wayoyi suna iya sauya lambar. Maganin da ya fi shi ne canza kalmar sirri, kowa ya faɗo lokaci guda, sannan ka mayar da naka. Ka riƙa leƙa jerin sau ɗaya a mako, ranar da kake lissafin abinci.

KYAMARA: IDONKA KO IDON WANI

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya. Ba wata dabara mai zurfi ta yi ba. Jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 na kamfani take gwadawa, irin su admin da 12345. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kama aka kai hari da ya hana mutane da yawa a Amurka buɗe Twitter da Netflix. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi ba.

Mu abin da ya fi damunmu ya fi wannan kusa. Kyamarar da ba a canza mata kalma ba tana nuna wa wani yawan kajinka, lokacin da mai gadi ke barci, da ranar da aka kwashe kifi aka karɓi kuɗi. Don haka: ka canza kalmarta ranar farko. Idan wani ne ya saita maka, ya buɗe asusun da imel ɗinka ko lambarka, ba tasa ba, kuma bayan ya tafi ka sake canza kalmar. Ka fuskantar da ita ga ƙofa, sito da kandami, ba cikin gida inda iyali suke ba. In manhajarta ko ta rauta ta nemi a sabunta, ka yarda, domin ramukan da aka gano ake toshewa.

Ka kuma lura da ɗan ramin da aka rubuta "Reset". Wanda ya danna shi da tsinke na 'yan daƙiƙu ya mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, har da kalmar da ke rubuce a jikin na'urar. Rauta a ɗaki mai kwaɗo take zama.

LISSAFIN DATA DA WUTA

Mu 'yan kasuwa ne, sai da lissafi. Gudun intanet da Mbps ake auna shi, yawan data kuma da MB da GB. Ka raba Mbps gida 8 ka samu MB a daƙiƙa. Kyamarar da ke turo hoto da gudun 1Mbps tana cin kusan 450MB a awa. In ka bar ta a buɗe awa 24, kusan 11GB ke nan a rana. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Dabara ita ce ta riƙa naɗa a memori, ta turo maka saƙo idan ta ga motsi, kai kuma ka leƙa na minti biyu ka rufe. Ka riƙa duba ragowar data da *323#, lambar ɗaya ce a duk layuka.

Wuta kuma, rauta tana cin kamar wat 10. Sau awa 24, wat-awa 240 ke nan a rana. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da kusan 1,200, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabi, saura 600. Ka ga rauta kaɗai ta ci kusan rabin abin da kake da shi, kafin fitilar 'yan tsaki da famfon kifi. Ka sa ta a lissafin sola tun farko.

SIM DA NIN

Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Sim ɗin rauta ma layi ne. Ka yi masa rajista da sunanka, kar ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista a bakin titi. Ka kuma sani duk abin da aka aikata ta layin, kai za a fara nema. In na'urar ta ɓace ko aka sace, ka je ofishin kamfanin a rufe layin. Idan kana da ƙorafin da kamfani bai warware ba, layin NCC na kyauta shi ne 622.

In ka shiga Katsina ko Dutsin-Ma sayen abinci ko magani ka ga waifai na kyauta, kar ka buɗe manhajar banki a kai. Kowa na iya buɗe hosfot ya sa masa sunan otal ko shago. Don tura kuɗi, datarka ta fi.

ABIN YI YAU, MINTI 15

1. Shiga shafin saiti, canza kalmar admin.
2. Canza sunan waifai zuwa wanda ba ya nuna kai waye.
3. Zaɓi WPA2 ko WPA2/WPA3, ka sa doguwar kalma.
4. Kashe WPS.
5. Buɗe layin baƙi.
6. Duba jerin na'urori, ka ƙirga naka.
7. Canza kalmar kyamara.

Shawarata ta ƙarshe ga mai farawa: in jarinka na kaji 100 ne ko tamfol ɗaya na kifi, hosfot ɗin wayarka ya ishe ka. Kuɗin rauta da kyamara ka sa su a abinci, rigakafin Gumboro da Lasota, da kwaɗo mai kyau a ƙofa. Sai gona ta yi nisa da gida, ko ka ɗauki ma'aikaci, ko abin da ke ciki ya kai a yi masa gadi, sannan na'ura za ta biya kuɗinta. Ranar da ka saya kuma, kar ka bar shago sai mai sayarwa ya nuna maka yadda ake shiga shafin saiti da wayarka.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a kiwonmu. Amin.